Tumakin 'Yar Fari

Umma ba ta taɓa kiran sunana ba. Ni ce 'yar fari, kuma a gidanmu kunyar ɗan fari ba abin wasa ba ce. Idan tana so in ci abinci sai ta dubi ƙanwata ta ce, "A gaya wa waccan tuwo yana hucewa." Idan ƙanwata ba ta kusa, maƙwabciya ma ta isa. Ba ta haɗa ido da ni sai bisa kuskure, ba ta kuma karɓar abu daga hannuna. Sai in ajiye a kan tabarma, in kau da kai, ta ɗauka. Tun ina ƙarama na san wannan ba ƙiyayya ba ce, domin naman da ya fi taushi a cikin miya kullum a kwanona yake sauka.

A Nguru na girma. An kai ni yaye gidan Kaka, mahaifiyar Umma, daga nan ba a sake zancen dawo da ni ba. A makon da aka kai ni Kaka ta saya mini 'yar tunkiya, fara mai baƙin kunne, ta ce wannan ce za ta yi mini kayan ɗaki in lokaci ya yi. Tunkiyar ta haihu, 'ya'yanta suka haihu. Da safe makiyayin unguwa yakan bi gida-gida yana kora su daji, da yamma su dawo da kansu, kowace ta san ƙofarta. Nakan zauna a dokin ƙofa da littafi a cinya, ba karatun nake ba, jiran ƙarar kofatansu nake. Na fi sanin fuskokinsu a kan na wasu dangina.

Sai da na sami gurbin jami'a na koma Gashuwa da zama, gidan iyayena. A nan na fara ganin aikin Umma da idon babba. Gumin shinkafa take yi. Da kaka, lokacin da manoma suke fito da amfani daga fadama farashi yana ƙasa, takan sayi buhunan shinkafar da ba a casa ba ta jibge a ɗaki. Sai ta riƙa jiƙawa, ta turara a cikin rabin durom a kan murhu, ta shanya a kan tamfol, ta kai inji, ta dawo ta sheƙe ta tsince tsakuwa. Akwai wani ƙamshi da tururin yake yi da hantsi, kamar na ƙasa bayan ruwan farko, wanda har yau in na ji shi sai in ga tsakar gidanmu. Masu gidajen abinci sun san hannunta. Akwai wata 'yar Kudu mai sayar da shinkafa da miya a bakin tasha, ba ta sayen ta kowa sai ta Umma, tana cewa ita ce ba ta karya wa mutane haƙori.

Ina shekarar ƙarshe a jami'a ciwon ƙoda ya kwantar da Baba. Buhunan suka riƙa fita ɗaya bayan ɗaya, suna komawa kuɗin mota da na asibiti. Ranar da aka yi masa sallah, ɗakin ajiyar nan babu komai sai tsintsiya da igiyoyin ɗaurin buhu. Bayan takaba Umma ta sake hura wuta, amma shinkafar da ke cikin durom ɗin ta wasu ce. Sukan kawo, ta turara, a biya ta ladan aiki. Abin yana ciyar da mu, sai dai ba ya barin ko ƙwaya ta kwana.

Da kaka ta gabato, wani Alhaji mai sito a kasuwa ya aiko a gaishe ta, daga baya ya zo da kansa ya tsaya a zaure. Mutumin kirki ne, abokin Baba. Ya ce zai zuba mata shinkafa iya yadda za ta iya, ba sai ta nemi jari ba. Sharaɗinsa ɗaya: duk abin da ya fito nasa ne, a farashin da ya yanka, ba za ta sayar wa kowa ko da kwano ba. Ya ce ta yi shawara kafin manoma su gama girbi, don bayan nan kaya za su tashi.

Umma ta yi godiya. Da ya tafi ta daɗe tana juya shinkafa a kan tamfol, wuri ɗaya, har maƙwabciyarmu da ke taya ta aiki ta ce, "Yaya, wannan gefen ya bushe tun ɗazu."

Na gane abin da ke gabanta. In ta amsa, za mu ci mu ƙoshi, amma sana'ar ta bar hannunta, masu sayenta za su watse, ta zama 'yar aiki a tsakar gidanta. In ta ƙi, girbi zai wuce ba ta sayi komai ba.

Na yi iya nawa. Na cike takardun neman tallafi a waya har idona ya yi ja, babu wanda ya amsa. Na je banki na yi tambaya, aka ce sai ma'aikacin gwamnati ya tsaya mata, ga kuma ruwa a kai. Ruwan nan ko zancensa ban kai wa Umma ba, na san amsar.

Sai na tuna da tumakina. Murna ta ɗebe ni har na manta ko ni wace ce a gidan. Na fito tsakar gida, na tsaya a gabanta, maƙwabciya tana zaune, na ce, "Umma, a sayar da tumakina. Na ba ki, ki yi jari."

Hannunta ya tsaya a cikin faifai. Ba ta ɗago ba. Can ta dubi maƙwabciyar ta ce, a hankali, "Ki gaya wa 'yar makaranta, ban kai ga cin kayan ɗakin 'ya ba tukuna."

Ta tashi ta shige ɗaki. Ranar ba a aiko kowa ya ce mini tuwo yana hucewa ba. Ƙanwata ce ta kawo mini don kanta.

Washegari na hau mota zuwa Nguru. Hanyar tana bi ta gefen ruwa a wasu wurare, fararen tsuntsaye suna tsaye a ciki kamar masu jiran liman. Kullum kallonsu nake har in isa, amma ranar ban ga komai ba sai bayan Umma tana shiga ɗaki.

Na tarar da Kaka tana ɓare gyaɗa. Ta dube ni sama da ƙasa.

"Ƙawata, wa ya rasu? Ko saurayin ne ya ga wata mai ƙiba?"

"Kaka, ba wasa na zo ba."

"To zauna ki ɓare. Baki yana magana, hannu yana aiki."

Na ba ta labari duka. Ta saurara har ƙarshe, sannan ta yi 'yar dariya ta hanci.

"Wato kin tsaya ƙiƙam a gaban uwarki, a gaban baƙuwa, kin miƙa mata sadaka."

"Ba sadaka ba ce. Uwata ce."

"Shi ya sa. Da ƙanwarki ce ta faɗa, da dariya za ta yi ta ce Allah ya yi albarka. Ke kuwa, ruwan sha ma ba ta karɓa a hannunki. Ni ma haka na yi da kawunki babba, har ya yi furfura ban ci goronsa a gaban mutane ba." Ta watsa ɓawon gyaɗa a ƙasa. "Kuma ba kunya kaɗai ba ce. Tana tsoro. In kasuwa ta cinye, ranar aurenki da me za ta shiga ɗakinki? Ubanki ba ya nan."

"To in rance ne fa?"

"Uwa ta ci bashin 'yar fari? Ta riƙa ganinki da safe tana sunkuyar da kai? Ki bari."

La'asar ta yi sanyi, tumaki suka fara shigowa. A bayansu sai ga wata mata daga ƙarshen layi, ta riƙo ɗan akuya a ƙirji. Shekarun baya Kaka ta ba ta akuya kiwo, lokacin da mijinta ya rasa aiki. A unguwarmu haka ake yi: uwar tana nan ta mai ita, 'ya'yan a raba, in kuma ajali ya zo wa dabbar ba da sakaci ba, babu mai bin wani. Matar ta sauke ɗan akuyan tana cewa, "Iya, ga rabonki ya isa yaye." Ba ta durƙusa ba, ba ta yi doguwar godiya ba. Suka yi ta hira suna zagin tsadar dusa, kamar abokan ciniki.

Na bi ta da kallo har ta fita. Ban taɓa lura ba sai ranar, wadda aka bai wa kiwo ba ta jin an yi mata alfarma, domin ita ma tana kawo wani abu: wahalarta da iyawarta.

"Kaka," na ce, "in ba kyauta ba ce, ba kuma bashi ba fa? In kiwo ne?"

Ta daina ɓarar gyaɗa. "Uwarki ba ta da turke."

"Tana da durom."

Kaka ta dube ni ta daɗe. Sannan ta ce, "Ashe kuɗin makarantar nan bai tafi a banza duka ba. Amma ba bakinki zai faɗa ba. Ni na sayi uwar tumakin, ni zan kai."

Ranar kasuwar Nguru aka kora tumakin. Ban yi zaton zai yi mini ciwo haka ba. Na san wanda aka haifa daren da aka yi ruwa mai ƙanƙara, na san wadda ba ta cin dusa sai an jiƙa. Dillalai suna taɓa bayansu suna ɗaga musu leɓe, ni kuwa ina tsaye daga nesa ina wasa da bakin mayafi. Kaka ta yi ciniki kamar mai faɗa, ta ce wa wani dillali ko kaza ba za ta ba shi a wannan kuɗin ba. Tsohuwar tunkiya ɗaya muka bari, jikar ta farko, mai baƙin kunne irin na kakarta. Da yamma ta shigo gida ita kaɗai, ta tsaya a tsakar gida tana kuka tana waiwaye. Na shiga ɗaki na rufe ƙofa.

Kaka ba ta son mota, tana cewa tana kaɗa mata hanji, amma ta ɗaura ɗankwalinta na unguwa muka tafi Gashuwa tare. Da muka isa ta ce in shige ɗaki kada in fito. Na zauna a bayan labule.

Sun daɗe suna gaisawa. Sai na ji Kaka ta ce, "Kiwo na kawo miki."

"Inna, ina zan sa dabba a gidan nan?"

"Na san ba ki da wuri, shi ya sa na mai da su abin da za ki iya ɗaurewa. Gidana ya yi musu kaɗan, makiyayi ya tsawwala kuɗi, ni kuma ƙafa ta ƙi. Ki zuba su a shinkafa. Uwar tana nan ta mai ita. Abin da ta haifa ku raba."

Ina jin tafasar ruwa a murhu.

"Waccan ce ta sa ki," in ji Umma.

"Waccan tana da bakin sa ni? Ni na haifi uwarta."

"In suka mutu a hannuna fa?" Muryar Umma ta yi ƙasa sosai.

"Yaushe kika ga mai kiwo ta biya mushe? Da suna gidana ma ciwo yana iya shiga ya kwashe su dare ɗaya. Ke dai kada ki yi sakaci, kuma ban haifi mai sakaci ba."

Na ji Umma ta ja numfashi. Ta ce, "To a gaya wa mai su, rabonta ba zai kwana a ɗakina ba. Duk abin da ya fito nata, tunkiya za a saya a mayar Nguru."

"Wannan tsakaninku ne," in ji Kaka. "A ba ni ruwa, motar nan ta kashe ni."

Kuɗin bai kai ya cika ɗakin ajiya ba, ko rabi bai yi ba. Umma ta je da kanta ta sami Alhaji, ta ce ba za ta iya ɗaure masa hannunta duka ba, amma za ta riƙa turara masa nasa a biya ta lada, nata kuma ta sayar inda ta so. Ya ɗan ɓata rai, daga baya ya yarda da rabin abin da ya nema. 'Yar Kudun nan ta bakin tasha da ta ji an dawo, ta zo har gida tana rawa da kafaɗa, ta biya kuɗin buhu tun shinkafar tana jiƙe.

Shekarar ba ta zo da sauƙi ba. Itace ya yi tsada, an kuma sayar wa Umma wasu buhuna masu danshi a tsakiya, sai da ta yi asara a kansu. Kwanaki da yawa ina ganinta tana tsaye a ƙofar ɗakin ajiya tana kallon abin da ya rage, ni kuma ba ni da ikon tambaya. Nakan tuna tsohuwar tunkiyar tana waiwaye a tsakar gidan Kaka, in ce ko na yi wauta.

Wata ranar bazara da hantsi, ƙanwata tana makaranta, maƙwabciya ta tafi suna, gidan ya rage daga ni sai Umma. Ina zaune a inuwa ina tsince tsakuwa a faifai. Umma tana baza shinkafa mai zafi a kan tamfol, tururi yana tashi yana rufe mata fuska. Ta waiga hagu, ta waiga dama, babu wanda za ta aika. Sai ta ci gaba da bazawa, ta ce wa shinkafar, "A gaya wa mai tumaki sun haihu. A tambaye ta fara take so ko mai baƙin kunne."

Na sunkuyar da kai a kan faifai don kada mu haɗa ido.

Na ce, "Za a gaya mata. Ina jin mai baƙin kunne za ta ce."