Tayoyi Biyu na Yaya Isufu

Bana shekara tara ke nan da aka kai yayana Isufu makwancinsa a nan Sabha. Duk wanda ya ji cewa direba ne sai ya ɗauka hanya ce ta ci shi. A'a, ciwon ƙoda ne ya kwantar da shi, a kan gado ya cika, muna zagaye da shi.

Abin da ya taso mini da shi a wannan karon shi ne, makon jiya na kai 'yar motata, wadda nake kai wa ma'aikatan gini abinci da ita, wurin gomista, wato mai gyaran taya kamar yadda ake kiransa a nan. Tayoyin gaba sun suɗe, dole a canja. Na tsaya gaban rumfar ina kallon sababbi an jera su har rufi: na Sin, na Turkiyya, na Koriya, na Tailan, da wasu sunaye da ko mai sayarwar sai ya yi tuntuɓe kafin ya faɗa. Sai na ji ina tambayar kaina, da Yaya zai leƙo yau, ta ina zai fara?

Daga Damagaram ya zo, ya riga ni da 'yan shekaru. Ya yi leburanci a unguwar Gurda, ya yi aikin gona, daga nan wani Bafezzane, wato ɗan asalin yankin nan, mai gonaki a hanyar garin Ubari, ya ba shi tuƙin tsohuwar motarsa mai buɗaɗɗen baya, yana kawo tumatir da albasa da kankana kasuwa. A hankali motar ta zama tasa. Lokacin da aure ya kawo ni Sabha, na tarar direbobi sun riga sun laƙaba masa suna, Isufu Mai Tambaya.

Sunan bai zo a banza ba. Idan aka shiga layin mai, irin wanda mutum kan yini a ciki, kowa neman inuwa yake yi. Shi kuwa sai ya fito ya bi motoci ɗaya bayan ɗaya, ya tsuguna, ya shafa taya, ya ɗaga kai ya yi wa mai motar sallama. Ta wace ƙasa ce? Yaushe ka sa ta? Wace hanya kake bi? Da Larabcinsa na kasuwa yake yi, wasu su yi dariya, wasu su ɗauka ciniki yake nema. Amma namiji da motarsa, da ka taɓo zancen taya ka buɗe masa baki.

Da yamma yakan biyo gidana shan shayi da maigidana, ya zazzage mana abin da ya jiyo. Masu tasi sun ce ta Koriya ta fi laushi, ba ta cika kuka a kan kwalta ba. Masu ratsa sahara zuwa Agadas ba sa yarda da kowace sai ta Japan, sun ce ita ce ake rage wa iska a cikin rairayi ba ta tsage ba. Talakawa irinsa 'yan gwanjon Turai suke saye, ko da yake an ce don ƙasar sanyi aka yi su, zafin wannan yanki na Fezzan na narka musu zuciya. Na Sin kuwa a lokacin sabon shigowa ne, ana yi musu ba'a ana cewa takalmin sallah, kafin a gama yawon sallah ya ɓalle.

Abin da ya dame shi, kowa tasa yake yabo, kuma babu mutum biyu da ke bin hanya ɗaya da kaya iri ɗaya. Wannan cikin gari yake yawo, wancan dutse yake hawa. To ta yaya za a san gaskiya? Gani ya kori ji, in ji shi. Sai ya sayi taya biyu sababbi, ɗaya ta Japan mai tsada, ɗaya ta Sin mai araha, ya kai wa gomistansa, wani dattijo Basudane mai suna Abdalla, ya ce a ɗaura su a baya, ɗaya hagu ɗaya dama.

Abdalla ya ce masa, “Ya Isufu, ba a yi wa mota ƙafa biyu daban-daban.”

Yaya ya ce, “Hanya ɗaya, kaya ɗaya, rana ɗaya. Wadda ta fara gajiya kowa zai gani da idonsa.”

Dattijon ya girgiza kai ya ɗaura. Kafin ka ce kwabo labari ya zaga Gurda. Ranar Juma'a idan an sauko daga masallaci sai ka ga maza sun kewaye motar, ana zura tsinken ashana cikin zanen taya ana auna zurfinsa, an rabu gida biyu ana musu. Ni kaina, da ban san komai a kan mota ba a lokacin, nakan tambaye shi wacce ke gaba. Ya ce mini, “Auta, ki yi haƙuri, ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare.”

Yau wannan musun ya koma cikin waya. Ɗana yana cikin wani zaure na masu motoci, kullum ana turo hoton taya da ta kumbura ko ta tsage, wannan ya tsine wa wani kamfani, wancan ya rantse shekara da shekaru shi yake sawa bai taɓa ganin aibu ba. Ranar da zan je wurin gomista ɗan nawa ya nuna mini wata taya da ya ce duniya ta yaba mata, taurari biyar. Na karɓi wayar na duba hotunan masu yabon, sai ga korayen itatuwa da kwalta jiƙe da ruwan sama. Ina jin da Yaya zai so wannan zamanin ƙwarai, don ga dubban masu mota a tafin hannunsa ba sai ya tsuguna a rana ba. Amma na san ba zai bar su su huta ba. Zai bi kowane mai yabo da tambaya: a wane gari kake, kuma kwaltarku tana ƙona ƙafa da azahar?

Ranar da abin ya faru ina cikin motar. Tsakiyar zafi ne, lokacin kankana. Na kai wa ma'aikatan gonar abinci, zan dawo gari, na shiga gaba da tukwanena. An loda kankana har ta yi tozo, sannan mutum uku suka roƙi a rage musu hanya suka hau kan kayan. Ɗaya daga cikinsu Mamman ne, magini daga Tawa, da ya je gyara bangon rijiyar gonar.

Mun yi nisa a kan kwalta sai muka ji ƙara kamar harbin bindiga. A waɗancan shekarun na rikici duk wanda ke Sabha idan ya ji irin wannan ƙarar sunkuyawa yake fara yi, ni ma na sunkuya. Bayan motar ya fara wutsil-wutsil. Yaya bai taka birki da ƙarfi ba, ya riƙe sitiyari da hannu biyu yana salati, motar ta sauka daga kwalta ta shiga rairayi, ta karkata kamar za ta kife, sannan ta dawo ta tsaya. Allah Ya kiyaye ba ta kife ba, amma ta watsar da duk abin da ke bayanta. Na fito na ga ƙasa ta yi ja, hankalina ya tashi, ashe yawanci kankana ce. Mutum biyu suka miƙe suna kakkaɓe jiki. Mamman bai miƙe ba, hannunsa na dama ya juya ta inda hannu ba ya juyawa.

Akwai abin da na gani a wurin da ban taɓa mantawa ba. Da Yaya ya zagayo da gudu, idonsa ya faɗa kan tayar da ta fashe. Ta Japan ce, mai tsadar. Na ga mamaki ya cika masa fuska, na san tambayoyi sun taru a bakinsa. Kallo ɗaya ya yi mata ya kau da kai, ya durƙusa kan Mamman, ya cire rawaninsa ya ɗaure masa hannu. Wata mota ta tsaya ta ɗauki Mamman, Yaya ya bar tasa da kayan a nan ya bi shi asibiti.

Sai bayan kwanaki ya ɗauki ragowar tayar ya kai wa Abdalla. Dattijon ya jujjuya ta, ya nuna masa wasu 'yan lambobi huɗu a gefe, waɗanda ke faɗin mako da shekarar da aka yi ta. Ashe tsohuwa ce tukuf. Ta daɗe jibge a wani wurin ajiya tana shan zafi, zanenta sabo fil, robar kuwa ta bushe. Magoya bayan ta Sin suka yi ta murna sun ci gasa, Yaya ya ce ba wanda ya ci komai, tunda ya haɗa tsohuwa da yarinya tsere bai sani ba. Abdalla kuma ya ƙara da cewa ko shekarun ma ba shi da tabbas su kaɗai ne, ga lodi ya yi yawa, ga zafin kwalta, ga ƙafa biyu da ba su dace ba. Haka gwajin ya ƙare, ba a san wadda ta fi ba.

Hannun Mamman ya haɗe a karkace. Magini da ba ya iya ɗaga bulo, ga mata da 'ya'ya a gida suna jiran abin da zai aika. Da farko ya ɗauka tsautsayi ne kawai, wanda ba ya wuce ranarsa. Sai wani ya ba shi labarin gwajin. Ranar da Yaya ya kai masa abincin da na dafa, ina tsaye a bakin ƙofa na ji ya ce, “Isufu, ashe da mu kake gwada tayarka?”

Yaya ya ajiye kwanon a gabansa ya fito.

Mamman ya daina amsa sallamarsa. Shi kuwa bai daina zuwa ba, ya ajiye kwano ya zauna a waje, in an ɗauka to, in ba a ɗauka ba ya dawo da shi. Ya sauya tayoyin motar duka zuwa iri ɗaya. Da aka kwance ɗaurin hannun, ya je ya ce masa yana neman wanda zai riƙa raka shi gona. Yunwa ba ta san fushi ba, Mamman ya shiga motar, amma ya daɗe fuskarsa na wajen taga. A wannan doguwar hanya ta Ubari Yaya ya koya masa tuƙi, tunda hannun da ba ya ɗaga bulo yana iya canja giya.

Bai sake gwaji da mota ba har ya bar duniya. Tambaya kam bai bari ba, sai ma ƙari da aka samu, don yanzu yakan sa mai mota ya sauko ya tsuguna tare da shi su nemi lambobin nan huɗu. Ko a ciwonsa na ƙarshe, ranar da ake tura shi a keken marasa lafiya, jiki duk ya kumbura, sai na ga ya leƙa gefe yana latsa ƙafar keken da babban yatsa. Ya ɗago ya tambayi mai tura shi ko ana hura mata iska ne ko kuwa roba ce zalla. Mutumin ya ce bai taɓa dubawa ba. Yaya ya ce, “Ka duba, ka zo ka gaya mini.” Ban sani ba ko ya dawo da amsar.

Na tsuguna a rumfar gomista makon jiya, da hijabina da komai, na karanta lambobin da kaina. Na zaɓi wasu na Sin da aka yi bana, iri ɗaya. Masu tasi sun ce na yanzu ba irin na da ba ne, wasunsu sun yi kyau, wasu kuma har yau araha ba ta ado. Ko Yaya zai yarda da zaɓina? Ina jin zai ce in tuƙa tukuna, bayan zafi ya wuce in zo in ba shi labari.

Idan na zauna ina auna abin da ya bari, ba na iya cewa duka alheri ne. Matarsa Zainabu, da ta koma Damagaram da yaran, har yau cewa take son sani ne ya yi masa yawa. Maigidana kuma cewa yake da ya samu makaranta da an ji sunansa. Ni a ganina duka biyun gaskiya ne. Son sanin nan shi ya sa direbobi da yawa a Gurda suka koyi duba shekarun taya kafin su saya, kuma shi ne ya karya hannun bawan Allah da bai san hawa ba bai san sauka ba.

Don haka na ga bai kamata in yanke hukunci ni kaɗai ba. Motar Yaya tana hannun Mamman yanzu, da ita yake ciyar da gidansa, yana kuma taimaka wa na Zainabu. Na same shi a kasuwar kayan gona yana sauke albasa, na gaya masa zan yi rubutu a kan Yaya, na tambaye shi me zan ce. Ya daɗe yana murza gwiwar hannun nan da ta karkace.

Ya ce, “Hajiya, ni ba sai an tuna mini da shi ba. Duk sanda sanyi ya shigo hannun nan sai ya tashe ni tun kafin kiran salla. Shekarun farko idan ya tashe ni, Allah Ya isa nake ja masa. Yanzu kuwa tunda na riga na farka, sai in yi alwala in roƙa masa gafara.”

Allah Ya karɓi roƙon Mamman, Ya jiƙan Yaya Isufu.