Yadda Inna Mai Wanka Ta Sa Aka Dubi Bayan Tsofaffi

Godiya ta tabbata ga Allah, Masanin abin da tufafi suka rufe, Wanda Ya ɗora wa mai ƙarfi haƙƙin mai rauni. Tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa. Bayan haka, wannan tarihin wata baiwar Allah ce da unguwa ta sani da Inna Mai Wanka.

Shekara talatin tana yi wa mata wankan gawa, ba a taɓa jin ta faɗi abin da ta gani ba, domin an karantar da ita cewa jikin mamaci amana ne. A bayan kasuwa akwai gidan kula da tsofaffi. Duk gawar da ta fito daga can, fuska fes, farce a yanke, amma in Inna ta juya ta sai ta tarar da gyambo a ƙugu da diddige, irin wanda ke kama wanda aka bari kwance a gefe ɗaya kwana da kwanaki. Takan rufe, ta yi shiru.

Sai aka kai yayarta gidan bayan ɓarin jikinta ya shanye. Bayan wata bakwai aka aiko wa Inna cewa ta rasu. Da ta juya yayarta, ƙashi ta gani.

Bayan jana'iza ta sami limami. "Malam, in faɗi abin da na gani a jikin yayata?"

"Ki rufa wa yayarki asiri, Inna."

"Mai rai fa?"

Ya jima yana jan carbi, sannan ya ce, "Mai rai yana da bakinsa. In ya yarda a gani, a gani."

Da sati ya zagayo ta nemi aikin wanki a gidan. Shugabar gidan, wadda ma'aikata ke kira Mai Turare a bayan idonta, ta ƙare mata kallo.

"Baba, aiki kika zo nema ko gado?"

"Aiki dai, ranki ya daɗe. Bayana bai shirya wa gadonku ba."

Shekara biyu tana dirzar zannuwa, fushinta na nan bai huce ba. Ta gano cewa kwamitin inganta aiki yana zuwa sau biyu a shekara, kuma yakan aiko da sanarwa tun da saura mako. A jikin kowane gado akwai kati mai nuna an juya mai gadon duk bayan awa biyu. Shugaba takan sa a cike na mako guda tun ranar Litinin. Mata biyu ne ke kula da mutum arba'in, sauran ta tura su shayar da furanni da goge ɗakin baƙi. Ranar dubawa sai a fesa turare, a shafa wa tsofaffi mai, a jera su a kujeru cikin sababbin riguna.

Inna ta ƙulla zumunci da wata tsohuwar tela mai kaifin harshe, wadda kowa ke ce wa Goggo. Wata rana tana canza mata zani ta ce, "Goggo, za ki yarda baƙi su ga bayanki?"

"Ke, ina da kunya fa."

"Na sani."

Goggo ta yi tsaki. "To kunyar ce ta cinye mini nama. A kira su."

Ranar da kwamiti ya zo, likitar da ke jagorantarsu tana yaba kati, sai Goggo ta ɗaga murya daga kujerarta: "'Yata, zo nan. Kin duba haƙorana kamar za ki saye ni. Duba bayana mana."

Shugaba ta yi dariyar yaƙe. "Ruɗewar tsufa ce, likita."

Inna ta ajiye kwandon wanki, ta ce maza su juya baya, ta rungumi Goggo a ƙirjinta, ta ɗage rigar a hankali. Likita ta duba bayan. Daga nan ta sa aka mai da kowa gadonsa, ta bi su ɗaya bayan ɗaya. Mutum goma sha tara ta samu da gyambo.

Tun daga lokacin kwamiti ya daina aiko da sanarwa, ya wajabta duba jiki kafin duba takarda, aka dawo da masu ban ruwan furanni ɗakunan tsofaffi. Shugaba kuwa aka sallame ta. Inna da kanta ta ɗaukar mata kwalin kayanta har ƙofar gida, ta dire shi a ƙasa.

"Ɗaki na huɗu, gadon bakin taga. Yayata ce ta kwanta a kansa."

Shugaba ta sunkuyar da kai. "Ki yafe mini, Baba."

"Ba nawa ba ne da zan yafe. Mai haƙƙin ta riga mu. Ki same ta can."

Inna ta ci gaba da aiki a gidan, ta bar wanki ta koma juya marasa lafiya, har hannunta ya kasa ɗaga mutum. Ta rasu bara, tana da shekara saba'in da huɗu. Ya Allah, Ka ji ƙanta, Ka sanyaya zuciyarta, Ka yalwata kabarinta, Ka sada ta da yayarta cikin rahamarka. Amin.