Izinin da Ban Samu Ba Kafin Tafiya Gabon

Ai ni a lokacin ƙafata ba ta taɓa ƙasa, kun gane, jakata a ɗaure, takardun tafiya a aljihu, littattafan karatun lauya ma na riga na rabar wa 'yan ajinmu kamar mai rabon gado. Abu ɗaya ya rage min, in shiga in gaya wa mahaifiyata. Kuma a nan ne na yi abin da har yau in na tuna sai in ji kamar in shige ƙarƙashin tabarma.

Bari in ɗan koma baya don ku fahimta. Ina shekara ta biyu a fak, wato jami'a, can Soa a wajen Yaoundé, ina karatun lauya. A unguwarmu Briqueterie kuwa ba a jira ka gama. Tun ranar da aka ga na fara hawa motar Soa da sassafe masu soya, wato masu tsire, na bakin titi suka sa min Metir, yadda ake kiran lauya da Faransanci. Telan da ke kusa da gidanmu, mutumin Kano ne bai daɗe da zuwa ba, shi kuma Barista yake ce min. Ina jin daɗin abin, ba zan ɓoye ba.

Sai wasu masu fita da'awa suka sauka a ƙaramin masallacin lungunmu. Ni dama addinin nawa a waya na koye shi, wa'azi bayan wa'azi, da 'yan littattafan nan da ake shimfiɗawa a ƙofar masallaci ranar Juma'a. Ban taɓa zama gaban malami na sauke littafi ba, amma ji nake kaina ya cika har yana zuba. Suka ce za su arewacin Gabon, akwai ƙauyukan da mutane suka shiga Musulunci ba su da mai koya musu ko Fatiha, kuma suna neman mai jin Faransanci sosai. Wallahi ji na yi kamar sunana aka kira. Washegari ina zaune a aji ana bayanin dokar kwangila, ni kuwa ina can cikin daji ina koyar da alwala. Daga ranar ban sake komawa ba.

Amir ɗinmu, wato shugaban tafiyar, dattijo ne Bafulatani daga Garoua, mai magana a hankali. Sharaɗi ɗaya ya sa min. Ya ce, "Babanka ya rasu, Allah ya jiƙansa. To ka kawo izinin mahaifiyarka. Ba ma ɗaukar ɗan mutane da ba a ba mu ba."

To ga inda gizo ke saƙa. Ni ɗan fari ne. Wanda ya tashi a gidan Hausawa na da ya san abin da nake nufi. Mahaifiyata ba ta taɓa kiran sunana ba, ko sau ɗaya. Ni ma ba na ce mata Mama, Yaya nake ce mata, yadda na ji ƙannenta suna faɗa. Tun da aka yaye ni ƙanwar babana, Goggo, ta ɗauke ni zuwa gidanta a unguwar Ekoudou, a hannunta na girma, sai bayan rasuwar Baba na dawo gida. Duk wata magana mai nauyi tsakanina da Yaya ta bakin Goggo take bi. Ko ranar da na ci jarrabawar bak ta gama sakandare, ina tsaye a tsakar gida, Goggo ta kalla ta ce, "Ki ce masa Allah ya ƙara." Haka muke, kuma ban taɓa jin cewa ba ta sona ba. Abincina kullum a rufe yake a ƙofar ɗakina, da naman da ya fi na kowa.

Na san duk wannan. Na san hanyar ita ce in je Ekoudou in durƙusa gaban Goggo, ita ta kai maganar, ita ta dawo da amsa. Amma Goggo tana da baki, kuma na san abin da bakin zai faɗa. Sai na ce wa kaina ai wannan duk al'ada ce, ni yanzu na wuce nan. Har da dabarar ɗalibin lauya: na ɗauki abokaina biyu daga cikin masu tafiyar, wai su zama shaidu.

Muka yi sallama muka shiga har ƙofar ɗakinta. Tana zaune tana ɗura turaren wuta a kwalabe, sana'arta ke nan, gidan duk ya ɗauki ƙamshin sandal da sukarin da aka soya. Tana ganin maza ta jawo mayafi ta rufe kai. Ni kuwa a tsaye, ko durƙusawa ban yi ba, na fara jawabi. Da gabatarwa, da hujjoji, da kammalawa, yadda ake koya mana. Na kawo aya, na kawo lahira, na ce dokar duniya ta ɗan lokaci ce. Na yi magana har bakina ya bushe.

Ta dubi abokaina ta ce, "Sannunku da zuwa. Ya mutanen gida?"

Suka ce lafiya lau.

Na ce, "Yaya, kin amince?"

Ta ɗauki wata kwalba ta murza murfinta. Ta sake murzawa, alhali ya riga ya rufu. Ba ta ɗago ba.

Da muka fito ɗaya daga cikin abokan ya ce, "Kai, ba ta ce komai ba fa." Na ce masa, "Wanda ya yi shiru ya yarda, haka yake a doka." Da ƙarfin gwiwa na faɗa, har ya ji kunyar tambayarsa. Abin haushin, daga baya na tuna malaminmu na kwangila akasin haka ya koyar, cewa shiru ba yarda ba ne. A makon da na daina sauraro ya faɗa. Na je na ce wa amir an ba ni izini. Ranar tafiya na tarar da ƙullin dambun nama a kan jakata, na ce kun gani, har da guzuri.

Gabon kuwa, jama'a, in na fara ba zan gama ba. Daji kore shar, ruwan sama kamar da bakin ƙwarya, manyan motocin katako suna wucewa ƙasa na girgiza. A masallatan katako muke kwana. Akwai wani tsoho a wani ƙauye bayan Bitam da na koya wa Fatiha, kalma kalma, in faɗa ya maimaita, ranar da ya kai ƙarshe shi kaɗai ya riƙe hannuna ya ƙi saki. Ban yi nadamar wannan ba, kuma ba zan yi ba. Aikin yana da daɗi. Matsalar ba a aikin take ba.

Muna can wata da watanni, sai wata rana girki ya faɗo kaina ni da amir, don kowa yana yi, har shi. Muna zaune a bayan masallaci da hantsi muna ɓare rogo. Ya ce cikin hira, "Kowa ina ganin mahaifiyarsa tana kiransa. Kai ban taɓa gani ba."

Na yi dariya na ce, "Ai ni ɗan fari ne, Malam. Ba ta kirana."

Wuƙarsa ta tsaya. "Ɗan fari? To wa ya kawo maka izininta?"

"Da kaina na je."

"Kai da kanka. Me ta ce?"

"Ba ta hana ba. Akwai ma shaidu, ga su can."

"Da baƙi ka shiga mata?"

Na ce e.

Ya ajiye rogon a cikin roba, ya goge hannunsa a zane. Ya ce, "Mu Fulani mun fi ku wannan kunyar. Ni ma ɗan fari ne. Mahaifiyata har ta bar duniya ba ta taɓa ce min a'a ba, kuma abubuwan da ta hana ni ba su ƙirguwa. Kai ka je inda ba za ta iya magana ba, ka kai mata mutanen da ba za ta iya kunyata ka a gabansu ba, sannan ka zo ka ce min ta ba ka." Bai ɗaga murya ba, da ma ya ɗaga. Ya ce, "Laifina ne da ban tambaya da kyau ba. Gobe akwai mota zuwa Kyé-Ossi, bakin iyaka. Ka koma ka tambaya ta hanyar da za ta iya amsawa. In ta ba ka, ƙofa a buɗe take."

Ka bar karatu don ka tafi kiran mutane zuwa ga Allah, sai a sallamo ka gida saboda ba ka iya tambayar uwarka ba. A motar nan har Yaoundé fuskata a jikin taga take.

Labari ya riga ni isowa, kun san Briqueterie. Ina sauka daga kan babur mai soya ya ɗaga wuƙa ya ce, "A'a, Shehun Gabon, an dawo?" Tela ya leƙo da tef a wuya. "Barista, ko in ce Ustaz? Faɗa min wanda zan ɗinka, baƙar rigar kotu ko jallabiya, kada in ɓata yadi." Na yi yaƙe na wuce. Ban ma shiga gida ba, na ajiye jaka a shagonsa na kama hanyar Ekoudou a ƙafa.

Goggo tana tsakar gida tana yankan kuɓewa. Ta dube ni sama da ƙasa.

"Ɗana ya dawo daga musuluntar da Gabon. Mutum nawa?"

"Goggo, ba haka ake lissafa abin ba."

"To ko akuya ɗaya?"

Na durƙusa na faɗa mata abin da ya kawo ni. Ta bar ni a durƙushe har ta gama kuɓewar tas. Ta ce, "Da za ka tafi ka san hanyar gidan nan tana da tudu, shi ya sa ba ka hau ba. Yanzu ta miƙe?" Sannan ta ɗauki mayafinta.

Muka zauna mu uku a ɗakin Yaya. Goggo a tsakiya kan kujera, ni a bakin ƙofa a ƙasa, Yaya ta ba ni gefe tana kallon bango. Ta rame. Ban san ta rame haka ba, kuma ba wanda ya gaya min.

Goggo ta ce, "Ga shi nan. Wai yana tambaya ko kin yarda da tafiyar da ya yi."

Yaya ta ce, "Wa ya tambaye ni? An shigo min da baƙi an tsaya a kaina an sanar da ni."

"Ka ji."

"Na ji, Goggo."

"Ki tambaye shi, a cikin littattafan nasa wanne ne ya ce a yi wa uwa magana a tsaye."

Goggo ta ce, "Ba shi da amsa. Lauya ya rasa ta cewa. To da ta bakina ya biyo fa?"

"Da na ce a'a."

"Yanzu fa? Don har yanzu ransa yana can."

"Yanzu ma a'a." Ta gyara mayafinta. "Ni ban hana aikin Allah ba. Amma mutum ba ya barin tukunya a kan wuta ya tafi kiran mutane cin abinci. Ya gama abin da ya fara. In ya gama ya zo ta bakinki, a sake magana."

Na ce a hankali, "Goggo, guzurin da na gani a kan jakata fa?"

Goggo ta harare ni. "Don ba a yarda ka tafi ba sai a bar ka da yunwa? Kai wane irin yaro ne?"

Sai na tambayi abin da ya fi ci min rai tun daga Gabon. Na ce, "Na baya fa? Ta yafe min?"

Yaya ta ci gaba da kallon bango. Na buɗe baki, Goggo ta ɗaga min hannu. "Tashi ka ba mu wuri. Wannan ba a gabanka za a faɗa ba."

Na tashi. Na koma Soa, aka ce sai dai in maimaita shekarar, ga ni yanzu ina zama da waɗanda na riga shiga, wasunsu ma littattafan da na rabar ne a hannunsu, da rubutuna a gefe. Abokan tafiya sun wuce Kongo, suna turo min hotuna, in kalla in kashe waya. Amsar kuwa ta daɗe ba ta zo ba. Kullum in fito in gaishe ta, ta amsa tana kallon wani wuri kamar yadda ta saba, ni kuma in kasa gane komai, kuma na hana kaina yin fassara.

Sai ranar nan Goggo ta biyo za ta kasuwar Mokolo, ko zama ba ta yi ba, daga ƙofar ɗakina ta tsaya. Ta ce, "Ta ce ta yafe. Amma kada ka kuskura ka je yi mata godiya, kunya za ka ba ta." Ta juya ta tafi abinta.

To ga ni nan. Godiya ta cika min ciki, matar ɗakinta yana jingine da nawa, bango ne kawai tsakaninmu, kuma an hana ni faɗa. Na share tsakar gida, na wanke mata kwalabe, duk bai ishe ni ba. Shi ya sa na zauna na rubuta muku wannan, ko na samu ya ragu.

Ku 'yan fari irina, musamman waɗanda suka tashi a gari irin namu inda rabin kai Faransanci ne, ya kuke yi? In akwai wanda ya taɓa samun hanyar gode wa uwar da ba a yi wa godiya, don Allah ya ba ni labarin yadda ya yi, ni dai tawa dabarar ta ƙare.