Ranar da Kaka ta turara surukinta

A unguwarmu ta bakin rijiyar Dakoro, Kaka ce mai hayaƙi. Damina na ja da baya, sauro ya yi yawa, zazzaɓi ya fara kwantar da yara, sai ta bi gida-gida da kaskonta. A share ɗaki, a fitar da tabarmi rana, a barbaɗa toka a makewayi. Sannan ta zuba garwashi a kasko, ta ɗora ɗanyen ganyen sabara da ƙaron dashi da busasshen kashin shanu, ta tura ciki, ta ja asabari, ta toshe kafofi da tsumma. Sai ta zauna a bakin ƙofa, ba ta tashi sai garwashin ya mutu, don kada wani mai gaggawa ya buɗe ya ɓata mata aiki.

Ni a lokacin ina makarantar allo, kuma ba na iya magana gaban manya. Ko malam sai ya kara kunne yake jin karatuna. Kaka bebiya take ce mini.

Ran nan na dawo da allona da hantsi, na tarar mijin gwaggona ya iso daga daji, ya kawo raguna kasuwa. Dogo ne mai rawani, makiyayi mai tsananin kunya. Tun da ya auri 'yar Kaka bai taɓa yarda sun haɗa ido da surukarsa ba. Yana cikin shan ruwa ya jiyo muryar Kaka a ƙofar gida. Ya tuɓe takalmansa, ya faɗa ɗakin da ya fi kusa. Ni kaɗai na gani.

Wannan ɗakin kuwa shi aka share da safe. Kaka ta tura kasko, ta ja asabari, ta toshe, ta zauna tana tsinkar ganye.

Na tsaya rungume da allo. Hayaƙi ya fara tsatsowa ta shibcin rufin ɗakin. Na san ba zai fito ba muddin tana zaune, kuma ba zai yi magana ba. Can na ji wani tari da aka danne da rawani. Kaka ta karkata kai, ta ce wa wata maƙwabciya ɓerayen bana sun yi ƙiba, ji yadda suke shaƙewa. Ta ɗaga gefen asabari ta ƙara ganye.

Na buɗe baki, ba abin da ya fito. Na matsa kusa, na koma. Tarin ya fara yin ƙasa-ƙasa, wannan ne ya tsorata ni. Sai idona ya kai kan takalman, manya, na fatar raƙumi, ɗaya an ɗaure igiyarsa da kaba. Na ɗauko su na ajiye a gaban Kaka.

"Ke bebiya, mi zan yi da takalma?"

Na nuna ɗakin da haɓa. Ta dubi takalman, ta dubi asabari, ta daɗe. Kiran sa ba zai yiwu ba, buɗe masa ma haka. Ta miƙe, ta juya wa ƙofar baya, ta ɗaga murya kamar mai sanar da unguwa duka.

"To ni zan tafi rijiya. Kuma zan daɗe."

Ta fita ba tulu ba guga. Na ja asabarin. Ƙadangare ne ya fara fitowa, sai wata kunama tana tangaɗi, sannan mijin gwaggo da rarrafe, idanu jawur, rawani ya warware. Ya kwanta a gindin aduwa yana jan numfashi, ya sa takalmansa a kwance.

Shekarar nan zazzaɓi ya zagaye rugarsu, shi kaɗai ya tsallake. Labari ya iso wa Kaka. Tun daga nan, duk gidan da aka yi mata gardamar warin hayaƙi, sai ta ce su je su tambayi wani mutum mai raguna, shi ya sha na kasko guda cur.