Keken da Bai Taɓa Kwana Cikakke Ba

A unguwarmu ba mai kiran mai gyaran keken nan da sunansa. Baba Gobe muke ce masa, shi ma yana amsawa, domin tun ina da baƙin gashi a kai nake jin yana cewa, "Gobe da safe zan kama hanya."

Hanyar ta garin yayansa ce, can ƙetaren babban kogi, inda mota ke kaiwa cikin 'yan awoyi, keke kuwa sai an kwana a hanya. Yayan ne ya koya masa hawa suna yara, yana riƙe da sirdi yana bin sa a guje. Da aiki ya raba su, Baba Gobe ya yi alkawarin wata rana zai je masa a kan keke. Ya sha zuwa a mota a da, amma yayan ya ce wannan ba zuwa ba ne, kawo shi aka yi.

Baba Gobe mutum ne da zama bai karɓe shi ba. A tsaye yake cin abinci. In ya zauna a bencin rumfarsa, ƙafarsa ta dama sai ta kama rawa, har ruwan kwanon da yake neman hujin taya a ciki ya riƙa kaɗawa. Yana faci yana leƙen titi. Yana magana da kai, idonsa na kan koren keken da ya rataye a bango, wanda ya haɗa da hannunsa saboda wannan tafiya: kariyar ɗora kaya mai ƙarfi, jakunkuna biyu da tela ya ɗinka masa, famfo, fitila, da wata tsohuwar ƙararrawa mai muryar ɗan akuya da ya ciro daga keken yayansa.

Matsalar ɗaya ce. Keken bai taɓa kwana cikakke ba.

Sai ya gama ɗaure komai da yamma, sai ga mai kai madara da tsinkakkiyar sarƙa, yana cewa in bai fita da asuba ba an kore shi. Baba Gobe zai dubi kayan rumfarsa, babu irinta. Zai dubi bango.

"To, ari wannan. In ka samu ka dawo da ita."

Haka feda ta tafi, haka sirdi, haka birki. Mu da muke fita yawon keke duk Asabar, da ni da tela da mai walda da wani malamin makaranta mai hular kwano, babu wanda ba ya yawo da wani yanki na koren keken. Tela kan ce keken Baba Gobe ya riga ya zaga duniya, mai shi ne kawai bai je ba. Ƙararrawar ce kaɗai ba ya bayarwa.

Bana sai saƙo ya zo cewa idon yayan yana rufewa, abin da ya rage masa bai fi ganin inuwar mutum ba. Rawar ƙafar Baba Gobe ta koma ƙafa biyu. Muka ce Asabar mai zuwa za mu raka shi gaba ɗayanmu. Ya ce madalla. Kafin Laraba ya ba wani almajirin kafinta kan keken, wato abin tuƙin.

Matarsa ce ta tare mai walda a ƙofar gida, ina tsaye.

"Ku kun ɗauka kirki ne kawai?" in ji ta. "Kirkin yana nan, ban hana ba. Amma tsoro ne. Ba ya son ya je ya tarar da Yaya ana jan sa da sanda. Muddin keken da saura, Yaya na nan yadda ya bar shi. Ni kuwa na gaji, ya tattake mini tsakar gida da kai da komo."

Ta karɓo kan keken da kanta, ta sa aka haɗa komai ranar Juma'a, ta aiki maigidan kasuwa sayen igiya. Sannan ta ja mai walda gefe. Abin da suka ƙulla ban ji ba, na dai ga ya shiga da keken shagonsa yana dariya.

Asabar da hantsi muka fita. Baba Gobe na gaba, yana waige kamar wanda ya bar tukunya a wuta.

"Anya na kulle rumfa?"

"Ka kulle, Baba."

"Gajimaren can fa?"

"Hayaƙin gidan burodi ne, taka mu je."

Mun kusa fita gari, daidai inda gidaje ke ƙarewa, sai ga wani mai tallan burodi zaune a bakin kwalbati, kaya jibge a kariya, ƙafar gaban kekensa ta lanƙwashe kamar murfin tukunyar da mota ta taka. Wallahi na ga fuskar Baba Gobe ta washe. Kafin mu ce wani abu ya dira, sifana a hannu.

"Sannu, ɗan'uwa. Kada ka damu, ga tawa."

Ya ɗora sifana a notin ƙafar gaban koren keken, ya murɗa. Shiru. Ya sa ƙarfi har jijiyar wuyansa ta tashi. Ya sunkuya ya duba, sai ga ɗigon walda a kan notin, ƙarami, mai sheƙi. Ya duba feda, haka. Sirdi, haka. Har kariya ba a bari ba.

"Wane mara tsoron Allah ne ya yi mini wannan ɗanyen aiki?"

Mai walda ya sosa ƙeya. "Umarni ne daga sama, Baba. Ta ce faci dai ba sai an cire ƙafa ba, kai ka koya mata."

Muka kwashe da dariya, amma shi bai yi ba. Ya dubi mai burodi, ya dubi hanyar da ta miƙe gabanmu ba kowa a kanta. Sai ya fara kwance jakunkunansa a hankali. Nan take muka daina dariya. Tunda ba ya ciruwa gunduwa-gunduwa, keken zai bayar ɗungurungum.

"Burodin mutane zai bushe," ya ce, ba ya kallon kowa. "Gobe da safe sai..."

"Babu goben da za ta ƙara zuwa," in ji mai walda. Ya fizge sifanar, ya kifa nasa keken, ya kwance ƙafar gaba, ya miƙa wa mai burodi. "Wannan ma taka ce, tun bara nake hawanta. Ga shi ka bayar, ladan naka. Ni zan zauna nan in jira mota. Saura wane dalili?"

Baba Gobe ya tsaya riƙe da igiyar jaka.

"In na je Yaya bai gane ni ba fa?"

Ba wanda ya yi masa ba'a. Tela ne ya miƙa hannu ya taɓa ƙararrawar, ta yi kukanta na ɗan akuya.

"Wannan ai ba da ido ake gane ta ba, Baba."

Ya mayar da jakunkunan. Ya hau. Tun daga nan bai sake waiwaye ba, mu ne ma muka riƙa roƙonsa ya rage gudu, malamin makaranta na haki a baya yana cewa tsohon nan zai kashe mu.

Washegari da la'asar muka haye gadar babban kogin. Tun daga bakin layi Baba Gobe ya fara kaɗa ƙararrawa. Wani dattijo da ke zaune kan tabarma a ƙofar gida ya ɗaga kai, ya karkata kunne, ya lalubi bango ya miƙe.

"Ɓarawon ƙararrawata! Sai yau?"

Suka rungume juna, muka kawar da kai muna duba tayoyin da ba abin da ya same su. Can yayan ya shiga shafa keken da tafin hannu, daga sirdi har feda, yatsansa ya tsaya a kan ɗigon waldar.

"Wannan fa?"

"Aikin ƙanwarka ne, uwargidana."

"Allah ya yi mata albarka. Da kai ma ta sa an ɗiga maka a kan sirdin tun tuni."

Aka shimfiɗa mana tabarma. Baba Gobe ya zauna kusa da yayansa, aka ajiye kofin ruwa dab da gwiwarsa. Na daɗe ina kallon ruwan nan. Ko motsi bai yi ba.