Sifikar Hagu

Ni ce 'yar fari a gidanmu, saboda haka Baba bai taɓa kiran sunana ba. In yana nemana sai ya ce "ke", ko ya ce wa Inna, "Faɗa ma ɗiyar ga ta kawo ruwa." Ni ma ba na kallon fuskarsa in yana magana. Takalmansa na sani, da hannuwansa, da farin allin da ke maƙale a gefen farcensa. Malamin firamare ne a Tambuwal, ajin masu koyon karatu. An san shi da kunne. Yaro na can ƙarshen benci zai haɗiye harafi ɗaya, Baba na rubutu a allo, bai juyo ba zai ce a sake.

Shekarar da na shiga sakandare ya sauko daga motar Sakkwato da katon kwali a kafaɗa. Hom tiyata ce: ƙananan sifiku biyar, da babbar baƙa mai nauyi da ya ce wufa ake ce mata, ita ke ba da amon da ke girgiza ƙirji. Ya yini yana ja da wayoyi a gindin bango. Inna yake wa bayani, amma da ƙarfi yake yi, na san don in ji ne daga bakin ƙofa.

"Rawaya ta hoto ce. Ja da fara na murya, ja dama, fara hagu. In kika musanya su, mutum na tsaye nan, muryarshi na fitowa can."

"Ni dai in ji wa'azina," in ji Inna. "Ko daga rufi shika fitowa."

Uku ya jera kusa da talabijin, biyu ya rataya a bayan kujerarsa, dama da hagu. In aka kawo wuta da yamma, sai ya zauna ya lumshe ido yana gyara sauti da rimot, ya rage amon wufa, ya ƙara kaifin murya, har sai numfashin mai karanta labarai ya fito. A gaban na'urar akwai ɗan gilashi mai nuna lambar ƙarfin murya da koren haske. Ni mai kallon ƙasa ce, kuma na'urar a ƙasa take, don haka kullum lambar nan nake gani. Sha huɗu ce.

A shekara ta biyu ta koma ashirin. Baba ya ce wutar ce ba ta da ƙarfi. Bayan damina ta kai ashirin da shida. Ya ce injin niƙan maƙwabta ne. Kofunan Inna suka fara kaɗawa a cikin kabad, ita kuma ta riƙa tura takarda a tsakaninsu.

Wata Asabar da safe ina sharar falo, tsintsiya ta kama siririyar wayar sifikar da ke bayan kujerarsa ta hagu, ta fizge ta daga mazauninta. Na tsuguna na duba. Rami biyu ne, ja da baƙi, ban san wanne ne na wanne ba. Tsoro ya sa na tura wayar bayan kujera, na tafi ina jiran faɗa.

Da yamma ya kunna labarai. Sifikar tana daidai kunnensa, bai fi taki ɗaya ba, shiru kamar dutse. Na tsaya a bakin ƙofa da tiren shayi ina jira. Ya lumshe ido yadda ya saba. Ya sha shayinsa. Ya ƙara murya da ɗaya.

Washegari na leƙa bayan sifikar dama na gane yadda ake saka wayar. Minti ɗaya ya ishe ni in gyara. Ban gyara ba. Na ce bari in ba shi kwana ɗaya, gobe zai ji, zai yi faɗa, in ji daɗi. Ban taɓa son a yi mini faɗa ba sai a kwanakin nan. Gobe ta zo, jibi ta zo. Na fara lura da wasu abubuwa: in Inna ta yi magana ta hagunsa, sai ya amsa da "to" ko ba maganar "to" ba ce. In ana sallama a ƙofar gida, yana juyawa wajen da ba nan ba. Sau uku na tsaya a madafa zan faɗa wa Inna, sai in ga babu yadda ɗiya za ta buɗe baki ta ce ubanta ba ya ji. Sai in ɗauki tulu in fita.

Mako bakwai wayar tana kwance a bayan kujera.

Ranar da abin ya fito, hedimastansu ne ya zo kallon ƙwallo bayan la'asar. Tare suka yi makaranta, ba sa raga wa juna. Ina shigo da fura na ji yana cewa, "Haba Malam, rage! So kake ka fasa muna kunne? Har tasha ana jin ƙwallon ga."

"Tsufa ne ya kama ka," in ji Baba yana dariya. "Abu kaɗan sai ka firgita."

Hedimasta ya matso kusa da kujerar Baba don ya karɓi rimot. Sai ya karkata kai.

"Af. Wagga ta bayanka ai bebiya ce. Ko ado ka rataye ta?"

"Wace?"

"Ta hagunka mana. Ko tari ba ta yi."

Baba ya juya. Ya kai kunnensa jikin sifikar. Sannan ya ɗora tafin hannunsa a kanta, ya daɗe. Dariyar hedimasta ta tsaya. Na ga ƙafarsa ta daina kaɗawa. Can ya ce a hankali, "Malam, iyayen yara sun zo mini sau biyu. Sun ce yara na karatu ba daidai ba kana cewa madalla. Na kore su." Idon Baba na kan sifikar. Har yau ban sani ba ko ya ji.

Bayan baƙo ya tafi, ya zaro wayar daga bayan kujera, ya riƙe ta. Bai aiki Inna ba, ni ya tambaya kai tsaye.

"Ke. Mi ya sami wagga?"

"Tsintsiya ce, Baba."

"Ɗaga murya."

"Tsintsiya ce ta cire ta."

"Yaushe?"

Da na ce jiya, da ya yarda. Na ce, "Mako bakwai ke nan."

Ya zauna. Bai yi faɗa ba. Ya ce, "Kin sani ke nan." Na ce na sani.

Likita a Sakkwato ya ce kunnen hagu ya riga ya tafi, na dama yana bin sa. Inna ta tambaya ko da an zo da wuri da an tsira da wani abu. Likitan ya ce mai yiwuwa, mai yiwuwa kuma a'a. Inna ta kawo mini maganar nan yadda take, ba ta ƙara ba ta rage ba, kuma ni ina ɗauke da ita tun daga ranar.

Da ƙarshen zango Baba da kansa ya rubuta takarda ya ajiye ajinsa. Ya ce ba zai lalata karatun 'ya'yan mutane ba. Aka mayar da shi aikin ofis a Kebbe, inda takardu ba sa buƙatar a saurare su. Litinin yake tafiya a kan babur, ya dawo Juma'a, jikinsa duk ciwo saboda hanya.

Litinin ta farko, ya ɗaure jakarsa a bayan babur, ni kuma na fito da kayan makaranta na durƙusa na gaishe shi, kaina a ƙasa.

"Ke," ya ce. "In kika sadda kai ban jin ki. Bakinki nika kallo yanzu. Ɗago."

Na ɗago. Akwai furfura a girarsa. Akwai ɗan tabo a ƙasan idonsa na dama wanda shekara goma sha huɗu ban san da shi ba. Idonsa na kan leɓena, yana jira kamar yaro a gaban allo.

Na ce, "Allah ya kiyaye hanya, Baba." Na faɗa a hankali, harafi harafi.

Ya ce, "Amin." Ya tayar da babur. Na tsaya a ƙofar gida har ya sha kwana. Kafin ya sha, a bakin titi, wata mota ta yi masa hon ta hagu, sau biyu, bai juya ba.