Ranar Da Muka Ci Abincin Rana Sau Biyu

Ikilisiyarmu ta Lutheran a Kafanchan ba babba ba ce. Idan iyali biyu suka yi tafiya a mako guda, sai ka ji waƙar sujada ta rage ƙarfi. Amma abin da muka rasa a yawa mun cike shi da shisshigi, irin mai kyau. Mu 'yan zumuntar mata, duk wata muna ware Asabar ɗaya mu fita aiki cikin gari: yau sharar asibiti, gobe wankin wata mai jego da ba ta da kowa. Ni tela ce, shagona yana kusa da tashar jirgin ƙasa, amma a zumunta ni ce mai abinci. Na samu wannan matsayi ne saboda bakina. Wata rana na kushe shinkafar wata a gaban jama'a, aka ce to, ga tukunya, ga ludayi.

A farkon daminar da nake ba da labarinta, uwar zumuntarmu ta kawo maganar wata tsohuwa. Uwar zumunta tsohuwar nas ce, mutumiyar Numan, aiki ya kawo ta garin ta zauna. Tsohuwar kuwa kowa Kaka yake ce mata, gidanta yana bakin gari a hanyar Kwoi, kuma ba 'yar ikilisiyarmu ba ce. Mijinta ya rasu, ɗanta yana saye da sayarwa a bakin titi a Jere, 'yarta tana aure a Mararaban Rido, ita kuma gwiwa ta ƙi ta. Da citta take rayuwa. Matasanmu sun riga sun yi mata kaftu, ita ma ta zauna ta kakkarya irin da ta ajiye tun bara. Saura a shuka, a rufe da ciyawa da ganye. Citta ba ta wasa da rana. In an shuka ba a rufe ba, zafi ya dafa ta a cikin ƙasa, shi ke nan an yi asarar amfani, an yi asarar iri, kuma Kaka ba ta da wani irin.

Muka tsayar da Asabar. Uwar zumunta ta je ta sanar da ita, ta dawo ta ce abin da Kaka ta tambaya kawai shi ne mutum nawa za su zo. A taron shiri muka yi shawarar da muke ganin ta kirki ce: tsohuwa ce mai ƙaramin ƙarfi, kada mu ɗora mata nauyi, ko ruwan sha mu tafi da namu. Kowa ta ce amin. Ni na tashi a barikin reluwe, gayya a bakin mutane kawai na san ta, kuma yawancinmu haka muke, matan gari da baƙi. Na dafa jalof ɗin da har yau nake alfahari da shi, da soyayyen kifi, na cika kuloli.

Da safe muka isa da zanen zumunta, da fartanyoyin aro, da tulun kiɗanmu don ba ma zuwa ko'ina ba shi. Kaka ta tarbe mu a bakin gona tana dogara sanda, fuska a sake. Ta nuna mana yadda za mu sa irin, idon tsironsa yana kallon sama, ta koma gida tana ɗingishi. Muka yi addu'a muka duƙa. Aiki ya yi daɗi, ana waƙa ana tsokana. Akwai wata 'yar'uwarmu Inyamura, a nan aka haife ta, tana sayar da atamfa a kasuwa, ita ce ta fi kowa surutu kuma ta fi kowa tsayawa miƙe baya. Kafin rana ta take mun gama shuka, mun fara rufi, sai uwar zumunta ta ce a huta a ci abinci.

Muka zauna a gindin mangwaro. Na buɗe kula ta farko, ƙamshi ya tashi, ina jiran yabo. Daidai nan Kaka ta ɓullo daga gida tana murmushi, ta ɗaga hannu za ta yi magana. Idonta ya sauka a kan shinkafar. Murmushin ya ɗauke.

"Wannan mene ne?" in ji ta.

"Abinci ne, Kaka. Zo ki zauna a zuba miki," na ce.

"Wa ya dafa?"

"Ni ce, Kaka."

"A gonan wa kuna aiki?"

Ba mu gane inda ta dosa ba. Ta buga sandarta a ƙasa.

"Ku ɗauki kula naku ku tafi. Na gode. Gona na ba ya so."

Uwar zumunta ta tashi tana cewa, "Mama, me muka yi? Ai ba a gama rufi ba, rana za ta ƙone irin." Kaka ta ce irin nata ne, in ya ƙone nata ya ƙone. Ta tsaya ƙyam har muka tattara kayanmu.

Raina ya ɓaci ƙwarai, ba zan ɓoye ba. Tun daga gonar har majami'a bakina bai huta ba. Na ce mun bar shagunanmu ranar ciniki, mun zo mun karya bayanmu, sakamakon ke nan. Na ce tsufa daban, rashin godiya daban. Abin da ya fi ƙona ni, ko kallon kirki ba ta yi wa shinkafata ba. Muka baje a barandar majami'a muka huce haushinmu a kan kuloli. Fushi yana buɗe ciki. Ni kaina faranti biyu na ci, na kora da ruwa, na kwance ɗaurin zane.

Sai na tuna na bar fartanyar da na aro a gindin mangwaro, mai ita kuwa maƙwabciyata ce da ba a wasa da kayanta. Na hau babur na koma ina ƙunƙuni.

Na tarar da Kaka a tsakiyar gona, ita kaɗai. Ta kasa duƙawa, don haka ta zauna dirshan a ƙasa ta miƙe ƙafar mai ciwo, tana jan jiki tana shimfiɗa ciyawa da hannu. Rana kuwa ta buɗe sosai. Abin da ta rufe bai fi faɗin tabarma ba, ga sauran gona a buɗe. Na ɗauki fartanya zan juya, sai idona ya faɗa cikin gidan ta ƙofar da ke buɗe. Ga wata ƙatuwar tukunya a kan murhu, irin ta biki, wuta ta mutu a ƙarƙashinta. Ga kwanoni an wanke an kife a jere a kan tabarma, kala-kala, da gani na maƙwabta ne aka aro. Na leƙa tukunyar. Faten acca ne, da yakuwa da gauta, an zuba manja ba rowa, cike har baki, ba a taɓa ba.

Kunya ta kama ni, tausayi ya biyo baya. Na je na tsuguna kusa da ita na ce, "Kaka, wancan abincin namu ne?"

Ba ta kalle ni ba. Ta ce, "Ni ba maroƙi ba ne, 'yata. A wurin mu, in mutane sun zo gayya, mai gona ne yana ba su abinci. Ko talaka ne, zai nema. Ku kun zo da naku, kamar gidan ba kowa a ciki."

Ban tsaya ba da haƙuri ba, don na san bakina ni kaɗai ba zai isa ba. Na koma majami'a a guje. Na same su a kwance a baranda, wasu har sun fara gyangyaɗi. Na faɗa musu abin da na gani. Uwar zumunta ta daɗe tana kallon kulolin da muka lashe, sannan ta miƙe ta gyara ɗankwali.

"Ku tashi. Za mu koma, kuma za mu ci abincin nan kamar mutanen da suka yini da yunwa."

'Yar'uwarmu mai atamfa ta dafe ciki ta ce, "Mama, abeg, a ina zan sa shi? Kuma wannan ba ƙarya ba ne a gaban Ubangiji?"

"Ba wanda ya ce ki buɗe baki ki ce kina jin yunwa," in ji uwar zumunta. "Ki buɗe baki ki sa cokali."

Haka muka koma, a ƙafa, wai ko tafiya za ta sa shinkafar ta sauka. Ba ta sauka ba. Muka shiga gonar muka durƙusa gaban Kaka dukanmu, uwar zumunta a gaba da furfurarta. Ta ce, "Mama, mun yi kuskure. Mun zo taimako ba mu tambayi yadda ake shiga gidanki ba. Ki yafe mana. Mun dawo hannu wofi." Kaka ta sha ƙamshi na ɗan lokaci, ta ja mana rai yadda ya kamata. Can ta ce, "Ya riga ya yi sanyi." Sai kuma ta miƙo hannu a tashe ta, ta ce wata ta hura wuta.

Da kanta ta zauna bakin tukunya da ludayi, ba ta yarda kowa ya taya ta rabo ba. Uwar zumunta ta yi addu'a, ta gode wa Ubangiji don abinci da hannun da ya dafa, ta ƙara da cewa, "Ka kuma ba mu wurin sa shi." Amin ɗin da muka amsa ban taɓa jin irinsa ba ko a ranar Ista.

Faten ya yi daɗi, wannan gaskiya ce, kuma da ba a ƙoshe nake ba da na nemi ƙari da kaina. Amma kowane cokali sai na yi shawara da shi kafin ya wuce. Gumi yana keto mana, muna satar kallon juna, ba mai iya dariya don ba wurinta. Da ƙyar na ga ƙasan kwanona. Ina ajiyewa Kaka ta ce in miƙo. Na ce, "Kaka, Allah ya sa albarka, na gode." Ta ce in miƙo dai. Ta cika shi fam, ta dube ni ido cikin ido.

"Wannan na shinkafa ne. Kuna tsammani ban ga mai a bakin ku ba?"

Nan kowa ta fashe. Mai atamfa ta kwanta a tabarma tana riƙe da ciki tana roƙon a daina ba ta dariya. Kaka ma ta yi dariya har sandarta ta faɗi, amma ba ta janye hukuncin ba. Na ci.

Duk wanda bai taɓa duƙawa aikin gona da abinci biyu a ciki ba, kada ya nemi sani. Muna ɗebo ciyawa muna nishi. Aka gwada waƙa, ta ƙi fita, sai mai tulu kawai take bugawa daga zaune. Kaka tana kan kujerarta a inuwa tana ba da umarni, nan bai rufu ba, can ya yi kauri. Kafin rana ta faɗi mun rufe gonar kaf, ba inda ƙasa take kallon sama. Na tsaya na dube ta, na ji daɗi har cikin raina.

Sauran suka shiga wanke kwanoni, ni kuma na jawo babbar tukunyar gefe. Kaka ta matso da kujerarta kusa da ni tana kallo. Na ce mata tukunyar nan ta ga duniya. Ta shafa gefenta da tafin hannu.

"Tun ranar da an binne Baba, maigida na, ban sa shi a wuta ba," in ji ta, a hankali. "Ranan mutane sun cika gidan nan, suna ci suna kuka. Kullum in na gan shi a ɗaki, ina ce, Yesu, kar wancan ya zama na ƙarshe."

Na ajiye soson da ke hannuna. Akwai ɗan ƙanzo da ya kama a gindin tukunyar. Na sa cokali na kankare shi tas, na cinye a gabanta, sannan na zuba ruwa.